Kafin ku kori malamar nan, ku karanta littafin tukuna

Rubutun nan da ɗan tsawo, na faɗa tun da wuri. Mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari, amma don Allah kada ya yanke mini hukunci daga layin farko, domin irin wannan yanke hukuncin ne ma ya sa na zauna rubutun.

Ranar Litinin da daddare zauren WhatsApp na iyayen makarantar da 'yata take, nan cikin Kaduna, ya kama da wuta. Wani bawan Allah ne ya ɗauki hoton bangon wani littafi da ya gani a jakar ɗansa, ya turo, ya ce ga abin da ake cusa wa yaranmu muna barci. Littafin shi ne A Christmas Carol na Charles Dickens, wanda malamar adabin Turanci ta ba 'yan SS1 su karanta a wannan zangon. Kafin Asuba magana ta yi nisa. Wani ya ce wa'azin coci ne aka shigo da shi ta bayan gida. Wata ta ce a kori malamar yau ba sai gobe ba. Wani ya ce zai cire yaransa uku. Wasu har sun fara binciken addinin malamar da garin da ta fito, abin da ni ba zan faɗa a nan ba, don ba shi ne abin dubawa ba. Zuwa Laraba an miƙa mata takardar tuhuma, an kuma kira taron iyaye ranar Asabar mai zuwa. Ma'ana abincin mutum guda yana hannunmu.

Bari in fara da kaina. Wallahi ni ma da na ga kalmar Kirsimeti a bangon sai da gabana ya faɗi. Uba ne ni, Musulmi ne ni, kuma ba na wasa da abin da ke shiga kan 'ya'yana. Har na fara rubuta nawa saƙon na goyon baya, sai na tuna cewa shekara kusan ashirin ina aikin gwamnati, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne kada ka sa hannu a fayil ɗin da ba ka buɗe ba. Sai na karɓi littafin a hannun yarinyar, na yi dare uku ina karantawa, da ƙamus a gefe, domin Turancin ba na wasa ba ne. Da na gama na koma zauren na yi tambaya ɗaya: cikinmu wa ya karanta? Shiru kake ji. Can sai wani ya ce ai ba sai ka ɗanɗana guba kake sanin guba ce ba. To, Alhaji, haka ne. Amma sai wani ya gwada kafin a rubuta guba a jikin kwalbar, kuma a zaurenmu babu wanda ya gwada.

Ga abin da ke ciki, ga wanda ba shi da dare uku. Wani tsohon attajiri ne a birnin Landan, sunansa Ebenezer Scrooge, mai harkar kuɗi da ba da bashi, marowaci na bugawa a jarida. Yaran ajin har sun raɗa masa suna Alhaji Sukuruji. Yana da akawu guda, Bob Cratchit, mai mata da 'ya'ya shida, yana biyansa sule 15 a sati. Ana tsananin sanyi, amma akwatin kwal ɗin ɗumama ofis yana ɗakin maigida, akawu kuwa sai dai ya kanga hannu a jikin kyandir. Ran jajibirin Kirsimeti wasu mutum biyu suka shigo neman taimako don matalauta. Ya tambaye su ko an rufe gidajen yari da gidajen da gwamnati ke tara matalauta ne. Suka ce da yawa sun gwammace mutuwa da shiga can. Ya nuna musu cewa to su mutu ɗin, a rage cunkoso. Ɗan ƙanwarsa ya zo gayyatarsa cin abinci, ya kore shi. Hutun kwana ɗaya da zai ba akawun ma sai da ya yi ƙorafi kamar an sa masa hannu a aljihu.

A daren sai fatalwar abokin kasuwancinsa, Jacob Marley, wanda ya shekara bakwai da mutuwa, ta bayyana gare shi tana jan wata doguwar sarƙa. Da me aka ƙera sarƙar? Da akwatunan kuɗi, makullai, kwaɗuna, littafan lissafi da takardun kadara. Ya shaida masa cewa shi ya ƙera ta da hannunsa yana raye, kuma ta Scrooge ta fi tasa tsawo. Daga nan wasu ruhohi uku suka zo ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya mai da shi baya: ya ga kansa yana yaro an bar shi shi kaɗai a makarantar kwana lokacin hutu, ya ga tsohon ubangidansa Fezziwig da ke faranta wa yaransa rai da kuɗi kaɗan, ya ga budurwar da ta sawwaƙe masa alkawarin aure don ta ga kuɗi ya maye gurbinta a zuciyarsa. Na biyu ya kai shi gidan akawunsa, ya ga yadda suke raba ɗan abin da suka samu, ya ga ɗansu gurgu, Tiny Tim, wanda ciwo ke ci. Na uku bai ce uffan ba, nuni kawai yake yi. Ya nuna masa wani mamaci da babu mai kukansa. 'Yan kasuwa na cewa ba za su je jana'iza ba sai in da abinci. Masu yi masa aiki sun kwashe labulen gadonsa, har rigar da aka sa wa gawar sun tuɓe sun kai kasuwa. Waɗanda kawai mutuwar ta taɓa su ne wasu mata da miji da yake bi bashi, su kuma sauƙi suka ji. A ƙarshe ya ga kabari da sunansa a kai. Ya farka, ya ga ashe yana da sauran numfashi, ya tuba, ya aika wa iyalin akawun ƙaton talotalo ba tare da sun san daga ina ba, ya ba masu tara taimakon nan kuɗi mai yawa, ya nemi ɗan ƙanwarsa, ya ƙara wa akawu albashi, ya ɗauki nauyin yaron.

Shi ke nan fa. Wannan ita ce gubar.

Kuma yana da kyau a san dalilin da ya sa aka rubuta shi. An haifi Dickens a 1812. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea, shi kuma aka tura shi wata masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe, ana biyansa sule 6 a sati. Wannan tabon bai taɓa barinsa ba. A farkon 1843 wani kwamitin bincike na gwamnatin Ingila ya fitar da rahoto kan yadda ake bautar da ƙananan yara a masana'antu. Dickens ya karanta, ransa ya ɓaci, ya yi niyyar rubuta ƙasida ta kare ɗan talaka. A watan Satumba ya ziyarci wata makarantar yaran titi a Field Lane cikin Landan, ya ga yara cikin tsumma da yunwa. A watan Oktoba ya yi jawabi a Manchesta kan ilimin talakawa. Sai ya ga ƙasida ba za ta kai inda labari zai kai ba. Cikin kusan sati shida ya gama, littafin ya fito ranar 19 ga Disamba, 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti. Kuɗinsa sule 5 ne, wato kashi ɗaya bisa uku na albashin satin akawun da ke cikin labarin. Ka ga ke nan ba don irin su akawun aka rubuta shi ba. Don iyayen gidansu aka rubuta.

Maganganun Scrooge ma ba daga iska Dickens ya ɗauko su ba. A 1834 Ingila ta yi sabuwar dokar matalauta, wadda ta tanadi cewa mai ƙarfi a jika da ke neman tallafi sai ya shiga gidan aikin matalauta, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, aka kuma tsananta rayuwa da gangan don kada mutane su yi sha'awar zuwa. Tun 1798 kuma wani masani, Thomas Malthus, ya yaɗa ra'ayin cewa yawan jama'a yana gudu ya fi abinci. Masu hali da dama suka mai da wannan hujjar wanke hannunsu: talaka shi ya jawo wa kansa, ya cika haihuwa. Wannan maganar ba ta yi muku kama da wata da kuka taɓa ji a majalisa ko a ofis ba?

Yanzu bari mu zo kan ƙorafin iyaye, domin ba duka ne shirme ba, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

Na farko, aƙida. Gaskiya ne, a wurinmu mamaci ba ya dawowa ya yi wa rayayye gargaɗi. Wannan a bayyane yake, kuma malami zai iya faɗa wa yara a minti biyu. Yaron SS1 da ya tashi yana jin Gizo na magana da Ƙoƙi, Dodo na neman auren 'yar sarki, ya san bambancin ƙagaggen labari da aƙida. In ma bai sani ba, to laifinmu ne da na Islamiyyar da muke biya, kuma cire littafi ɗaya ba zai gyara wannan ba. Ni ba malami ba ne, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne azabar Marley. Azabarsa ita ce yana ganin mabuƙaci, yana son taimakawa, dama ta wuce. Wane ne cikinmu bai taɓa jin malam a tafsirin azumi, in an zo ƙarshen Suratul Munafiƙun, yana bayanin mutumin da mutuwa ta zo masa yana roƙon a ɗan jinkirta masa ya yi sadaka ba? Wa bai san labarin Ƙaruna da makullan taskokinsa masu nauyi ba? Ban ce Dickens ya zauna gaban malam ba, ban kuma haɗa ƙagaggen labari da Littafin Allah ba. Cewa na yi yaron da aka yi wa tarbiyya, in ya karanta wannan, abin da ya sani tun yana ƙarami zai tuna.

Na biyu, Kirsimeti. E, a lokacin Kirsimeti labarin ya faru, marubucin Kirista ne, mutanen ciki Kiristoci ne. Akwai wurare ƙalilan da aka yi ishara ga Annabi Isa, alaihis salam, misali inda yaron nan gurgu ya tuna da warkar da makafi da guragu. Scrooge ma da ya tuba ya leƙa coci. Na faɗa ne don kada wani ya ce na ɓoye. Amma na bi littafin daga farko har ƙarshe, ban ga inda ake koyar da Triniti ko gicciye ba, ban ga inda aka kira wani ya canza addini ba. Hasali ma a shekarun da ya rubuta shi Dickens yana zuwa majami'ar wata ɗariƙa ce da ba ta yarda da Triniti ba. Akwai shan giya da rawa a wuraren biki, haka al'adarsu take, malami sai ya faɗa. Sanin yadda maƙwabcinka ke bikinsa daban, yin bikin daban. A ajin nan akwai yara Kiristoci da ke zaune benci ɗaya da namu, sun san azumi, sun san layya, suna cin naman Sallah a gidajenmu. Garin nan kuwa mun ga abin da rashin sanin juna ya jawo mana, har kogi ya zama iyaka tsakanin unguwanni. Ban ga ribar da za mu ci ba in muka koya wa yara cewa kalmar bikin maƙwabci ma abin gudu ce.

Na uku, wai me ya sa ba za a ba su namu ba. Wannan ina tare da ku ɗari bisa ɗari, a ba su namu. Sai dai mu tuna darasin adabin Turanci ne. Mu kuma tuna su waye namu ɗin. Abubakar Imam, wanda babu mai shakkar addininsa ko Hausarsa, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya, ya sa musu riga da hula, suka zama Magana Jari Ce. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasan Shakespeare ya kira shi Daren Sha Biyu. Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da littafin George Orwell Gandun Dabbobi. Waɗannan mutanen ba su ji tsoron littafin wani ba. Sun karanta, sun tace, sun ɗauki mai amfani. Yaushe muka zama masu firgita da bango?

Kuma don Allah mu ji tsoron Allah. Yaran nan da muke cewa muna karewa, wayar da ke hannunsu wa ya saya musu? Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda ake buɗewa da bautar gunki ƙuru-ƙuru, a falon wa ake kallonsu? Abin da ke yawo a TikTok ƙarfe ɗayan dare, wa ya taɓa kiran taron gaggawa a kansa? Duk wannan mun kau da kai, sai littafi guda da ke cewa ka tausaya wa na ƙasa da kai shi ne ya tayar mana da hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wuri ɗaya a littafin da ya hana ni barci. Ruhu na biyu, kafin ya tafi, ya buɗe rigarsa sai ga yara biyu, namiji da mace, ramammu, cikin tsumma, fuska kamar ta tsofaffi. Sunan namijin Jahilci, sunan macen Rashi. Ya ce 'ya'yan mutane ne, ya yi gargaɗi a kiyaye su duka biyu, amma an fi jin tsoron namijin, domin halaka ce rubuce a goshinsa. Da Scrooge ya tambaya ko ba su da wurin zuwa, sai ruhun ya mayar masa da maganarsa ta gidan yari. Washegari da safe ina kai yarinyar makaranta, muka tsaya a danja, yara huɗu suka kewaye motar da robobi, hunturu ya fasa musu ƙafa. Na yi abin da na saba, na ɗaga gilashi na ce Allah Ya ba da haƙuri. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya sun haura miliyan 10, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Muna da dokar ilimin bai ɗaya tun 2004, wadda ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Gargaɗin da aka yi wa Ingila a 1843, mu ba gargaɗi ba ne a wurinmu kuma. Muna cikinsa. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari da zuciyarsa a hannu ya san abin da yaron da aka bari ba ilimi ba sana'a yake zama in ya girma.

Sai abin da ya fi ci mini rai. Daren da na gama littafin, yarinyar ta tambaye ni, Baba, nawa kake biyan Baba maigadi? Na faɗa mata. Ta ce, to yaushe rabon da a ƙara masa? Na buɗe baki na rufe. Shekara uku. A cikin shekara ukun nan an cire tallafin mai, kuɗin mudun shinkafa ya ninka, mu ma'aikata mun yi ta hayaniya har aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024. Ni da na yi ta rubutu a nan ina zagin gwamnati kan albashi, mutumin da ke kwana a ƙofar gidana yana hura wuta da kwali bai taɓa faɗo mini a rai ba. Na gyara, Alhamdu lillahi, kuma ban faɗa don a yaba mini ba, abin kunya ne ma. Na faɗa ne don a san cewa littafin nan da ake cewa zai lalata mini 'ya, abin da ya sa ta yi shi ne ta tuna mini haƙƙin wani.

Mu ma'aikatan gwamnati kuwa, sarƙar Marley ta fi kama da tamu. Tasa da littafan lissafi aka ƙera, tamu da fayil. Na san wani dattijo da ya yi ritaya ya shekara yana zarya kan garatutinsa, kullum a ce masa oga ya fita, dawo jibi. Ranar da takardar ta kammala, ɗansa ne ya zo karɓa. Fayil ɗin ya bi ta teburori da yawa, kuma ba zan rantse cewa bai kwana a nawa ba. Ba sai kana da miliyoyi kake zama Sukuruji ba. Duk wanda wani ke jira a ƙofarsa, yana da nasa akawun.

Shi ya sa nake zargin cewa wasunmu, ban ce duka ba, da sun karanta littafin ma da sun fi tsanarsa. A zauren nan akwai masu shaguna da yaran shagonsu ke aiki daga safe har dare ba hutu ba tsayayyen albashi. Akwai masu 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, sa'ar 'ya'yansu, tana wanke kayan makarantar da ita ba ta zuwa. Ita kanta malamar da ake son kora, na bincika, abin da ake biyanta bai kai mafi ƙarancin albashin nan ba, alhali kowa ya san abin da muke biya duk zango. A kan wannan ban taɓa ganin an kira taro ba.

To amma makarantar ma tana da nata laifin, kuma zan faɗa ranar Asabar. A gari irin namu, in za ka ba yara littafi mai wannan suna, sai ka rubuto wa iyaye tun farkon zango: ga littafin, ga abin da ke ciki, ga dalilinmu. Takarda shafi ɗaya da ta kashe wutar nan tun ba ta tashi ba. Sannan na duba littafin rubutun yarinyar, na ga yadda ake koyarwar: sunayen taurari, jigo guda biyar, a haddace a zuba a jarrabawa. In haka za a yi, gara a bar shi. Turancin 1843 yana da nauyi ga yaron da ko jaridar yau da ƙyar yake karantawa. A karanta shi da baki a aji, babi biyar ne kacal, Dickens da kansa ya yi shekaru yana karanta shi a gaban jama'a tun daga 1853 har shekarar da ya rasu. A fara da labarin yaron da ke liƙa takarda a kwalba kafin a shiga na attajirin. A sa yara su lissafa abin da albashin ma'aikaci mafi ƙanƙanta a gidansu zai iya saya a kasuwa yau. A sa su rubuta labarin da Hausa, su mai da shi jajibirin Sallah, mu ga wa za su sa a matsayin Scrooge. A haɗa musu da Al-Jahiz, malamin Basra da ya rubuta littafi sukutum kan marowata kusan shekara dubu kafin Dickens, su san cewa ba Bature ne ya fara yi wa rowa dariya ba.

Kuma a koya musu inda littafin ya gaza, domin ya gaza. Attajiri ɗaya ya tuba, iyali ɗaya suka tsira. Sauran akawun Landan fa? Yaran nan biyu da ke cikin rigar fa, wa ya ɗauke su? Labarin bai ce ba. George Orwell ya yi wannan lura tun 1940, cewa Dickens gyaran zuciya yake nema, bai taɓa kawo tsarin da zai maye gurbin wanda yake suka ba. Tarihi ma ya nuna talotalo bai isa ba. Sai a 1870, shekarar da Dickens ya rasu, Ingila ta yi dokar da ta kafa makarantun firamare na hukuma a faɗin ƙasa, sai a 1880 zuwa makaranta ya zama dole, gidajen aikin matalautan nan kuwa sun kai har 1930 kafin a soke tsarinsu. Wannan darasi ne babba a gare mu, mu da muka iya rabon shinkafa da atamfa a azumi ana ɗaukar hoto, wata goma sha ɗaya kuma ba a biyan leburori haƙƙinsu a kan lokaci. A nan ne ma yaronmu zai ga abin da yake da shi a gida: zakka haƙƙin talaka ce, ba alfarma ba, ba ta jiran sai mai kuɗi ya yi mugun mafarki. Amma ba zai ga wannan ba sai an bar shi ya karanta, ya kwatanta, ya yi gardama.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan boko da kuka shiga zauren kuna kiran mutane jahilai da 'yan ƙauye, kun ƙara wa wutar fetur ne kawai. Uban da ya tsorata don addinin ɗansa ba abin dariya ba ne. Tarihin yadda boko ya shigo ƙasar nan ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Da yawanku ma fim ɗin kuka kalla, ba ku karanta littafin ba. Ku zauna da mutane ku yi musu bayani cikin mutunci, in ba za ku iya ba ku yi shiru.

Ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, abu uku zan nema. A janye takardar tuhumar nan, domin malamar ba ta yi laifin da za a raba ta da abincinta ba. A zaɓi iyaye biyar, har da waɗanda suka fi kowa zafi, har da malamin Islamiyya in an so, a ba su sati biyu su karanta littafin, su dawo su nuna mana shafi da layin da ke ɓata aƙida. In sun nuna, ni zan fara sa hannu a cire shi. Na uku kuma, tunda dai an taru, a sa maganar albashin malaman makarantar a ajanda.

Na san wasu za su ce na zama ɗan kanzagin Turawa. Ba komai, an faɗi abin da ya fi haka. Kwafin yarinyar yana wurina, duk mai so ya zo ya ara, dare uku ya ishe shi. Wanda kuma ba zai karanta ba, to aƙalla kafin ya zo taron ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ƙara wa maigadinsa albashi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gyara tun muna da sauran numfashi.